Tsumma Biyu na Motar Amare

Akwai wani mutum a wani gari na gindin dutse, yana da mota guda ɗaya. Ba sabuwa ba ce, ta shekara goma sha bakwai a hannunsa, amma wanda ya hango ta daga nesa sai ya ɗauka jiya aka kawo ta. Shuɗiya ce mai duhu, kamar zanen da ya sha rini sau uku a marina. Da ita ake ɗauko amare daga gidan iyayensu zuwa majami'a, har mutanen garin suka manta da sunan mutumin, yaro da babba kowa na ce masa Baba Mai Motar Amare.

Kowace Asabar da sassafe yakan kai ta wurin wankin mota, a yi mata wanka sosai, sa'an nan a ɗaura mata kintinkiri da furanni. Amma ba wankan Asabar ne ya riƙe ta shekara goma sha bakwai ba. A rumfar kwanon da yake ajiye ta akwai ƙusa biyu a bango, kowace da tsummanta. Ɗaya fari ne mai laushi, na jikin mota. Ɗayan baƙi ne, na wili, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, inda ƙurar birki da yashin hanya suke taruwa. Kowace safiya Baba yakan ɗebo ruwa rabin bokiti, ya zagaya motar a hankali. In tsuntsu ya yi kashi a kanta, sai ya jiƙa farin tsumma ya ɗora a wurin, ya jira ya yi laushi, ya ɗauke shi ba tare da gurzawa ba. Daga nan ya tsuguna, ya bi wili huɗu da baƙin tsumma. Aikin ba ya wuce tafasar ruwan shayi.

Mutumin nan yana da 'ya, autarsa, sunanta Damaris, tela ce. Ita ce take yi wa tsummokaran kalmasa kamar yadda mahaifiyarta take yi kafin ta rasu. Akwai kuma wani saurayi a garin, sunansa Habila, direban motar kasuwa, wanda ya aiko kawunansa neman auren Damaris. Baba ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa suka sha, amma bai ce i ba, bai ce a'a ba.

A shekarar nan ciwon yanar ido ya rufe idanun Baba, har ya daina tuƙi. Babban ɗansa da ke birni ya aiko a kawo shi a yi masa aikin ido. Ranar da zai tafi, sai ya sa aka kira masa Habila, ya miƙa masa makullin mota.

Ya ce, "Zan yi mako uku. Ka riƙe ta, ka yi hayar da ta samu, ka kai amaren Asabar. In na dawo zan ba kawunanka amsa."

Habila ya rusuna ya karɓa da hannu biyu. "Na gode, Baba. Za ka same ta yadda ka bar ta."

"Abu uku zan gaya maka. Tsumman sama ba ya sauka ƙasa, na ƙasa ba ya hawa sama. Abin da ya faɗo mata yau, yau ake ɗauke shi, da ruwa. Kuma kada ta kwana ƙarƙashin mangwaro."

"Na ji, Baba."

"Ka ji da kunne. To, Allah ya sa hannu ma ya ji."

A makon farko Habila ya yi duk yadda aka ce. Da gari ya waye yana ƙofar gida, bokiti a hannu. Damaris takan leƙo daga zaure inda keken ɗinkinta yake, ta ce, "Sannu da aiki, Direba." Shi kuma ya ce, "Yawwa, Tela," ya ci gaba da sharar wili kamar wanda ake ba maki.

A mako na biyu aka yi ruwan farko, hanyoyin ƙauye suka yi jan taɓo. Habila ya riƙa dawowa a gajiye, da safe kuma fasinja na jiransa. Ranar Talata bai taɓa bokiti ba, Laraba ma haka. Da Asabar ta zo ya kai ta wurin wanki, aka feshe ta da ruwa da kumfa, ta fito fes tana ɗaukar ido. Ya tsaya yana kallonta, ya ce a ransa, "Ashe duk wahalar nan ta tsufa ce kawai. Ga shi wanka ɗaya ya kwashe kome." Haka ya saba yi da motar kasuwa, sau ɗaya a mako, ba wanda ya taɓa yi masa ƙorafi.

Akwai kuma maganar rumfa. Rumfar kwanon tana bayan gida, ƙofarta matsattsiya, sai an yi baya sau uku kafin a shiga. Itacen mangwaro kuwa yana gaban gida, inuwarsa mai sanyi, kuma wanda ya zauna a gindinsa yana iya ganin cikin zaure, da keken ɗinki, da wadda take taka shi. Ranar Lahadi bayan sujada Habila ya ajiye motar a nan, ya zauna yana hira da Damaris da gwaggonta da ke kwana da ita, har rana ta yi sanyi. Da ya tashi tafiya ya dubi rumfa, ya dubi mangwaro, ya ce, "Kwana ɗaya dai."

Lokacin bazara ne, mangwaro ya nuna, jemagu sun sauka a itacen. Da safiyar Litinin ya tarar da kashinsu uku a kan murfin inji, rawaya-rawaya, haɗe da ɓawon mangwaro. Ya dube su, ya dubi agogo, ya shiga ya tayar da mota.

Ranar Talata Damaris ta fito da tsintsiya, ta tsaya a gaban motar.

Ta ce, "Direba, baƙinka na jiya suna nan fa. Har sun ƙaru."

"Na gan su. Asabar za su tafi."

"Baba ba ya barinsu su ga rana biyu. Ya ce suna da tsami, suna cin fenti."

Habila ya yi dariya. "Haba, Tela. Kashin jemage ne fa, ba ruwan batir ba. Ke ki kula da allurarki, ni na san mota."

Ta dubi wilin gaba, wanda ya yi baƙi ƙirin da ƙurar birki haɗe da busasshen taɓo, ta koma ciki.

Ranar Talata da Laraba rana ta yi zafi irin wanda ake taɓa murfin mota a janye hannu. Motar ta yini a tasha, ta yini a bakin kasuwa, ba inuwa.

Ranar Alhamis da hantsi Habila yana zaune a gindin mangwaro yana jiran a kira shi haya, sai Damaris ta fito da waya a hannu, ba ko ɗankwali a kanta.

"Baba yana hanya. Likita ya yi ido ɗaya, ya ce ɗayan sai bayan wata biyu. Yaya ya sa shi a mota tun safe. Kafin ƙarfe biyu suna nan."

Habila ya miƙe zumbur. "Yau? Ai Lahadi ya ce!"

"Yau."

Ta juya ta shiga ɗora tukunya. Habila ya tsaya ya dubi motar, kamar yau ya fara ganinta. Wurin wanki yana can ƙetaren gari, kuma ranar kasuwa ce, layi ya kai bakin titi. Ya ruga rumfa. Bokiti a kife yake, a bushe. Ƙusar farin tsumma ba kome a kanta, sai ya tuna tun makon jiya ya share gilashi da shi ya bar shi a ɗakinsa. Baƙin tsumma ne kaɗai a rataye, ya bushe ya sandare da taɓon wili.

Ya san abin da aka gaya masa. Ya ji muryar tsohon a kunnensa sarai. Amma rijiya tana bayan gida, ɗakinsa kuma yana wata unguwa. Ya ce, "Sau ɗaya dai. In kakkaɓe shi, ai shi ke nan." Ya fizgo tsumman, ya kakkaɓe shi sau biyu a gwiwarsa, ya koma kan murfin inji.

Kashin ya bushe ya kama kamar siminti. Ya goga, bai motsa ba. Ya tofa yawu ya danna da ƙarfi. Ya ji wata 'yar ƙara ƙarƙashin hannunsa, ƙir, ƙir, ƙir, kamar ana wanke tukunya da yashi, amma bai tsaya ba. Ya yi ta zagayawa da tsumman har wurin ya fita.

Da ya ɗaga hannu ya ja da baya, sai ya ga abin da ya yi.

A tsakiyar murfin, inda shuɗin ya fi kyau, ga wani da'ira mai faɗin faifai, duk ƙarce-ƙarce farare, zobe cikin zobe. A cikinsa kuma ga tabo uku dushi-dushi inda tsamin ya ci fenti ya nutse. Ya shafa da gefen rigarsa. Ya hura iska. Ya shafa kuma. Rana ta haska wurin, kowane layi ya fito ɓaro-ɓaro.

Ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. A ransa ya ga kawunansa suna dawowa daga gidan nan ba su kallon juna. Ya ga wani yana buɗe wa Damaris ƙofar motar nan ranar wata Asabar, shi kuma yana tsaye cikin 'yan kallo.

Sai wata dabara ta faɗo masa, irin ta 'yan tasha masu son sayar da tsohuwar mota. In aka shafa mai a kan ƙarce, yakan cika ramukan, wurin ya yi sheƙi na kwana ɗaya ko biyu. Ya lissafa a ransa. Baba ido ɗaya a ɗaure, ɗayan ba ya gani. Gobe Juma'a. Asabar za a ɗora furanni daidai wurin. Litinin sai ya sulale da ita wurin mai fenti, kafin a kwance idon an gama, ba wanda ya sani.

Ya shiga gida har ƙofar madafa.

"Damaris, ɗan san mini man gyaɗa. Cokali biyu."

Ta ɗago daga murhu. "Na me?"

Ta goge hannu, ta wuce shi ta fita waje. Ya bi ta. Ta daɗe tsaye gaban motar, hannunta ɗaya a kan bakinta. Ta dubi baƙin tsumman da ke yashe a ƙasa.

A hankali ta ce, "Da wannan ka goge?"

"Sauri nake yi. Ki taimake ni, Damaris. Kwana huɗu kawai nake nema, zan gyara, na rantse zan gyara. In ya sani yau, shi ke nan, ni da ke mun rabu."

Idanunta suka kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Kwalbar tana kan kanta, ba zan ɓoye ta ba. Amma ba daga hannuna za ka karɓa ba. Kuma ka sani, Habila, in Baba ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba. In bai tambaye ni ba, ba zan riga ka magana ba. Iyakar abin da zan iya ke nan."

"Ba kya so na ke nan."

"Da ba na son ka, da na miƙo maka man."

Ta koma madafa. Habila ya tsaya, ya tsaya, sa'an nan ya shiga ya ɗauko kwalbar da kansa. Ya zuba a tafin hannu, ya shafe wurin. Nan take ƙarcen ya ɓace, shuɗin ya dawo yana walƙiya. Ya ja numfashi. Ya ɗauki baƙin tsumma ya bi bakin wili sama-sama, inda ido ke gani, ya tura motar cikin rumfa, ya rataye tsumman a ƙusarsa.

Ƙarfe biyu saura kaɗan mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka fito da Baba, idonsa na dama a rufe da auduga da filasta, yana lalube da sanda. Damaris ta riƙe hannunsa ta kai shi zaure. Ya zauna, ya sha ruwa, aka yi addu'ar godiya. Habila ya durƙusa ya gaishe shi.

"Sannu da hanya, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi, ɗana. Ya aiki? Ya amaren?"

"Lafiya lau muka kai su, Baba."

"Madalla. Ya motar?"

Habila ya ce, "Tana nan, Baba. Tana rumfa."

"To, kai ni in gaishe ta."

Damaris ta ce, "Baba, ka ci abinci tukuna. Ai ba ka gani ma."

"Ina da hannu, uwata. Shekara goma sha bakwai hannun nan ya san ta fiye da ido."

Suka zagaya bayan gida, Baba a tsakiya. A bakin rumfa ya tsaya, ya ɗan ɗaga kai. Gaban motar ne yake fuskantar ƙofa, murfin inji yana nan kusa da gwiwarsa, taku ɗaya kawai. Amma sai ya ce, "Kai ni bayanta. Daga can zan fara."

Habila ya ja shi ta gefen bango har bayan motar. Tsohon ya miƙa wa Damaris sandarsa, ya ɗora tafin hannunsa a kan but, wato murfin bayan mota. Ya shafa a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya gangaro kan fitila. Ya dafa mota ya tsuguna da ƙyar, ya zura yatsa cikin ramin wilin baya, can ciki inda tsumma bai kai ba. Ya fito da yatsan, ya murza shi da babban yatsa. Kowa ya ji ƙarar yashin. Ya goge a gefen wandonsa, ya miƙe.

Hannun ya hau ƙofar baya. Ya bi ta har mariƙi. Ya wuce ƙofar gaba. Rumfar ta yi tsit, sai ƙarar kwano da rana ke dukansa, da ƙudaje biyu da suka gano man suna shawagi a kan murfin inji. Gumi ya gangaro wa Habila ta bayan kunne. Ya dubi Damaris. Ba shi take kallo ba, ƙasa take kallo, leɓunanta suna motsi.

Baba ya tsuguna a wilin gaba. Ya daɗe a nan fiye da na baya. Ya miƙe, ya dafa madubi, ya shafa gilashin gaba daga sama zuwa ƙasa. Hannun ya sauko kan bakin murfin inji. Tsakaninsa da wurin man bai fi taƙi ɗaya ba.

Habila ya ce a ransa, wataƙila ya bi ta gefe. Wataƙila ya ɗauka man goge mota ne. Wataƙila. Hannun ya matsa.

"Baba, dakata."

Hannun ya tsaya cak.

Habila ya zube a kan gwiwoyinsa. "Baba, kada ka taɓa, za ka ɓata hannunka. Man gyaɗa ne. Ni na shafa, don in rufe abin da na yi. Na bar ta ƙarƙashin mangwaro tun Lahadi. Jemagu suka yi kashi, na bar shi kwana huɗu ina jiran Asabar. Damaris ta yi mini magana, na yi mata dariya. Yau da na ji kana hanya na goge da baƙin tsumma, a bushe. Na ƙarce fentin, Baba, faɗin faifai. Wili ma rabona da shi kwana goma. Duk abu ukun da ka hana ni, ba wanda na bari."

Tsohon bai motsa ba. Can sai ya janye hannunsa, ya sa a aljihu.

Ya ce, "Tun daga bakin rumfa na ji ƙamshin. Na ce ikon Allah, na yi tafiya mako biyu da rabi, motata ta koma tuyar ƙosai."

Ba wanda ya yi dariya. Damaris ta share ido da bakin zanenta.

Baba ya ce wa Habila, "Ka san abin da ya sa na fara daga baya?"

"A'a, Baba."

"Murfin yana gabana, da na miƙa hannu da na taɓa. Amma na ce bari in ba yaron nan tsawon mota guda, ko bakinsa zai riga hannuna. Tun daga but nake roƙon Allah. Da na iso madubi har na fara fid da rai." Ya juya wajen 'yarsa. "Uwata, kawo ruwan ɗumi da sabulu, da farin tsumma sabo."

Habila ya wanke man da hannunsa, a hankali, yadda ya kamata ya yi tun ranar Litinin. Da wurin ya bushe, ƙarcen ya dawo duka. Baba ya bi shi da kan yatsunsa, zobe bayan zobe, ya tsaya a kan tabo ukun nan. Fuskarsa ta canza. A motar nan ya kai matarsa asibiti tafiyarta ta ƙarshe, kuma shi da ita suka zaɓi launin.

Ya ce, "Ƙarcen sama zai ragu in an bi shi da haƙuri. Waɗannan ukun sun ci har ƙasa. Ba za su fita ba."

"Zan kai ta wurin mai fenti, Baba."

"Ba za ka kai ta ba. Haka za ta zauna. Jibi za ka ɗauki amarya da ita, kuma ba za a ɗora fure a wurin ba. Wanda ya tambaye ka, ka gaya masa."

Habila ya sunkuyar da kai. "To, Baba." Sa'an nan da ƙyar ya ce, "Maganar kawunaina fa?"

"Ban haɗa 'yata da mota ba, kada ka ɗauka haka. Ita mutum ce, wannan ƙarfe ne. Amma na so in san ko kai mutumin ranar biki ne ko mutumin ranar Talata. Da hannuna ya riga bakinka, da yau na aika musu da a'a. Yanzu ba a'a ba ce. Ba kuma i ba ce tukuna." Ya laluba ya ɗauki farin tsumman, ya miƙa masa. "Kowace safiya, har a cire gyaɗa. In na ji ƙarar bokiti, na san ka zo."

Haka kuwa aka yi. Damina ta sauka, ta yi tsakiya, ta ɗauke. Ranar ruwa da ranar rana, Baba yana kwance yakan ji ƙarar bokiti a bakin rijiya. Wata safiya Habila ya makara saboda zazzaɓi, ya zo yana rawar sanyi, ya tarar Damaris ta ɗebo masa ruwan ta ajiye a bakin rumfa, amma ba ta taɓa tsumma ba. Aikinsa ne.

Da kaka ta yi, aka ɗaura wa motar kintinkiri wata Asabar. Baba da kansa ya tuƙa, idanunsa biyu garau. Masu ado suka kawo furanni za su rufe tsakiyar murfin, sai amarya Damaris ta leƙo ta taga ta ce, "Ku bar wurin nan a buɗe." Duk hanyar zuwa majami'a, inda Habila yake jiranta, tabon nan uku take kallo ta gilashi, tana murmushi.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga mai kunnen ji.

Motar nan rai ne da Ubangiji ya danƙa mana amana. Ba namu ba ne, makulli kawai aka ba mu, kuma Mai shi zai dawo ranar da ba mu lissafa ba. Wankan Asabar shi ne sujadarmu ta Lahadi. Abu ne mai kyau, kada kowa ya raina shi. Amma da yawa a cikinmu mun zama kamar Habila a mako na biyu. Mun ga yadda muke fitowa daga majami'a da sauƙin zuciya, sai muka ce ashe wannan ya isa. Muka kife bokiti.

Abin da ke cin fenti ba dutse ba ne, ba karo da babbar mota ba ne. Ɗan abu ne da ya faɗo ranar Litinin. Baƙar maganar da ka gaya wa matarka kafin ka fita. Ƙaramar ƙaryar da kika yi wa mai kaya cewa ɗinkinta ya kusa, alhali ba ki ko yanka ba. Haushin da aka ƙulla da maƙwabci saboda akuya. Ranar da ya faɗo, ruwa kaɗan ya isa, wato ka durƙusa ka ce Ubangiji na yi kuskure, ka je ka ce wa mutumin yi haƙuri. In ya kwana huɗu a rana yakan kama, ya ci ya nutse. Lahadi za ta zo, a gafarta maka, gaskiya ne, amma wani tabon yakan zauna a zuciyar wanda ka ɓata wa.

Wili kuwa shi ne inda muke taɓa ƙasa, kasuwa da tasha da ofis da layin famfo. Ba mai tafiya a duniyar nan wilinsa bai yi baƙi ba, wannan ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a share bakinsa inda mutane ke gani, a bar cikinsa. Kuma ku kula da baƙin tsumma. Kaifin harshen da ka yi ciniki da shi a kasuwa, kada ka shigo da shi gida ka goge fuskar iyalinka. Haka kuma in tsoro ya kama ka, kada ka ɗauki laifi ka goge laifi. Habila ya ƙara ɓarna a cikin minti biyar na gaggawa a kan abin da jemagu suka yi a kwana huɗu.

Man gyaɗa kuma, kowa a nan ya san nasa. Murmushin ƙofar majami'a, da ɗaga murya a waƙa don kada a tambaye ka lafiya. Yana sheƙi kwana biyu, sa'an nan ya tara ƙudaje. Ku gode wa Allah in kuna da mutum irin Damaris, wanda yake son ku har ya ƙi miƙo muku kwalbar.

Amma abin da nake so ku tafi da shi gida shi ne wannan. Tsohon ya sani tun daga bakin rumfa. Ubangiji ma ya sani. Ba ya tambaya don ya gano, yana tambaya ne don ya ba mu zarafin faɗa. In ka ga ka yi laifi kwana ya bi kwana ba abin da ya same ka, kada ka ce bai ji ƙamshin ba. Daga baya ya fara, saboda ƙauna. Yana tahowa a hankali, ƙofa bayan ƙofa, yana jira ko bakinka zai riga hannunsa. Sai dai mota tana da iyakar tsawo.

Wani a cikinmu yau, hannun yana kan but, yana da sauran lokaci. Wani kuwa ya riga ya iso madubi. Kada ka jira Lahadi mai zuwa. Ka ce, "Baba, dakata," ka faɗa da bakinka. Gobe da safe kuma, kafin ka ɗauki waya, kafin ka ɗora tukunya, ka ɗebo ruwanka rabin bokiti. Bari ya ji ƙararsa, ya san ka zo.